Tiraka a jikin babur da tirela: Wa ke kallon inda kake daga Gumel zuwa Maigatari?

Duk ranar Alhamis, tun kafin rana ta take, hanyar da ta tashi daga Gumel ta nufi Maigatari takan cika da ababen hawa. Ga tireloli da suka zo ɗaukar shanu zuwa Kudu, ga kantoci ɗauke da buhunan riɗi da zoɓorodo, ga 'yan acaɓa da masu Keke Napep daga ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa. Kasuwar Maigatari na cikin manyan kasuwannin dabbobi a Arewacin Najeriya, kuma a bakin iyakar Jamhuriyar Nijar take, don haka dukiya mai yawa ke sauya hannu a wuni guda.

A jikin wasu daga cikin waɗannan ababen hawa akwai wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana girma da yawa ba, an cusa ta ƙarƙashin kujera ko cikin tarin wayoyin da ke bayan sitiyari. Tiraka ake ce mata. Mai babur na sa ta saboda tsoron ɓarayi. Mai kuɗin da ya sayi Keke ya ba wani ya riƙa kawo balas na sa ta don kada a gudu masa da dukiya. Mai tirela da ke zaune a Kano na sa ta don ya san ko direbansa ya bi hanyar da aka ce ya bi, da kuma inda man da aka zuba masa ya tafi.

Babu wanda zai ce waɗannan dalilai ba su da tushe. Amma daga ranar da aka ɗaura tiraka, abin hawa ya shiga sahun abin da masana ke kira mota mai haɗe da intanet: ta fara magana, tana aika labarin inda take da abin da take yi dare da rana. Tambayar da ba kasafai ake yi wa mai ɗaurawa ba ita ce, wa ke sauraro a ɗaya ɓangaren?

Abin da ke cikin kwalin

Mutane da dama na zaton tauraron ɗan'adam ne ke hango mota daga sama yana kai rahoto. Ba haka abin yake ba. Taurarin GPS, waɗanda mallakar gwamnatin Amurka ne kuma suke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, sigina kawai suke watsowa, ba su san wanda ya karɓa ba. Tirakar ce ke sauraron aƙalla huɗu daga cikinsu, ta yi lissafin inda take.

Wannan lissafi ba shi da amfani ga mai mota sai ya fita daga jikin motar. Shi ya sa kowace tiraka irin wadda ake ɗaurawa a nan take da layin waya a cikinta, sim irin wanda ke wayar kowa, mai buƙatar data da kuɗin tes. Da wannan layi take aika bayanai zuwa wata babbar kwamfuta da ake kira saba. Daga can ne manhajar da ke wayar mai mota take ɗebowa ta nuna masa ɗigo yana tafiya a kan taswira. Ke nan bayanin ba daga babur yake zuwa wayar mai shi kai-tsaye ba, sai ya yada zango a kwamfutar wani. Yawancin tirakoki masu araha a China ake ƙera su, kuma sau da yawa sabar da suke kai wa rahoto a wajen Najeriya take.

Abin da ake tarawa a can ya wuce ɗigo a taswira. Akwai lokacin da aka tayar da inji da lokacin da aka kashe, da gudun da aka yi, da kowace tsayuwa da tsawon mintunanta, da tarihin tafiye-tafiye na makonni ko watanni. A manyan motoci akan ƙara na'urar auna mai a tanki. Wasu tirakokin ma suna da makirfo, ana kiran layinsu su ɗauka shiru, a ji hirar da ake yi a cikin mota.

Akwai kuma abin da za a iya kira shingen taswira. Mazauna Maigatari ba baƙi ba ne ga irin wannan layi da ba a gani: a watan Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka. Haka mai mota ke zana da'ira a manhaja, ya ce Kekensa kada ya wuce Gumel da kewaye. Da zarar ya tsallake, saƙo ya shigo masa.

Inda sabis ya ƙare, tiraka ta yi shiru

A nan ne yanayin yankin ke shigowa. Layin da ke cikin tiraka na kamfanin Najeriya ne. Da an tsallaka zuwa ɓangaren Dungas ko Magarya a jihar Damagaram, turakun da ke wurin na kamfanonin Nijar ne, irin su Airtel Niger da Moov da Zamani. Idan ba a buɗe wa layin damar aiki a ƙasar waje ba, ko babu kuɗi a cikinsa, ɗigon zai tsaya cak a wuri na ƙarshe da ya samu sabis. Daga Gumel zuwa kan iyaka kuwa tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce a babur, kuma ba duk hanyoyin da ke ratsa daji ne ke bi ta gaban jami'ai ba. Wanda aka sace wa babur da tsakar dare bai farga ba sai asuba, sai dai ya kalli tarihin hanyar da aka bi da shi.

Iyakar kanta ta sha buɗi da rufi. An rufe ta a watan Agustan 2019, aka sake buɗe Maigatari tare da Seme da Illela da Mfum a Disamban 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024 da Najeriya ta ba da umarnin buɗewa. Siginar waya ba ruwanta da wannan, iyakarta daban take, kuma ita ce iyakar tiraka.

Mutanen Zamfara sun ga wani salon wannan a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, matakin da ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sokoto daga baya. Duk na'urar da ta dogara da layin waya ta zama kurma. Tiraka mai kyau takan adana bayanan a cikinta ta aika idan sabis ya dawo, amma wannan tarihi ne, ba ya kama ɓarawo a hanya. Ɓarayin da suka ƙware kuma sun san da na'urar toshe sigina, wadda ke sa tiraka ta kasa jin tauraro ko ta kasa kama layi.

123456

Matsala mafi girma ba ta buƙatar wata ƙwarewa. Tirakoki da yawa na fitowa daga masana'anta da lambar sirri iri ɗaya, 123456, da nufin mai saye ya canza. Ba kowa ke canzawa ba. Wasu ma ba su san akwai ta ba.

A watan Afrilun 2019 kafar Motherboard ta Amurka ta ba da labarin wani mai kutse da ya shiga asusu sama da 7,000 na manhajar iTrack da sama da 20,000 na ProTrack, manhajoji biyu da kamfanoni ke amfani da su wajen bibiyar motocinsu. Bai fasa komai ba. Ya dinga gwada sunayen asusu ne da 123456 har ya dace. Motocin da ya iya gani sun haɗa da na Afirka ta Kudu da Maroko da Indiya, kuma a wasu daga cikinsu akwai damar kashe inji idan motar na tsaye ko tana gudun da bai wuce kilomita 20 a awa ba.

A watan Satumban shekarar, kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya ce ya gano tirakoki kimanin 600,000 da ke aiki da wannan lamba, kuma bayanansu na tafiya a fili ba tare da an kulle su ba. Kulle bayanai na nufin a hargitsa saƙo ta yadda duk wanda ya tare shi a hanya ba zai fahimci komai ba, sai wanda ke da mabuɗi. Saƙon da ba a kulle ba kamar wasiƙa ce da aka ba direba a tasha ba ambulan.

Sai kuma Yulin 2022, lokacin da kamfanin BitSight ya fitar da rahoto kan wata tiraka mai suna MV720 ta kamfanin MiCODUS da ke birnin Shenzhen, wadda ake sayarwa kimanin dala 20. An samu kafofi shida a cikinta. Bayan 123456, akwai wata babbar kalmar sirri da aka dasa a cikin tsarin, wadda duk wanda ya san ta zai iya aika wa tiraka umarni tamkar shi ne mai ita. Rahoton ya ce na'urorin kamfanin kusan miliyan 1.5 ke aiki a ƙasashe 169. Hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta fitar da gargaɗi a kai.

Wani zai ce ina ruwan mai kutse da ke wata nahiya da babur ɗin ɗan acaɓa a Gagarawa. Gaskiya ne, ba shi ne abin tsoro na farko ba. Abin tsoro ya fi kusa da gida.

A ɗauki misalin falke da ke zuwa Maigatari kowane mako sayen shanu. Tarihin tirakar motarsa na wata uku zai nuna ranar da yake tasowa, da ƙarfe nawa, da bankin da yake tsayawa kafin ya kama hanya, da gidan da yake kwana, da wurin da yake tsayawa salla, da hanyar da yake bi idan zai koma. Wanda ya samu wannan ba ya buƙatar ɗan leƙen asiri a kasuwa. Kuma abin da ake buƙata don a samu bai wuce sunan asusu da lambar sirri ba, ko lambar layin da ke cikin tirakar, domin da yawa daga cikinsu na amsa umarni ta hanyar tes: a aika kalmar umarni haɗe da lambar sirri, ta maido da amsar inda take.

Mabuɗin na hannun wa?

Yadda aka saba, mai mota kan kai ta wurin mai ɗaura tiraka ko rewaya, a ɗaura, a saukar masa da manhaja a waya, a nuna masa ɗigonsa, ya biya ya tafi yana murna. Abin da ba a cika bayyana masa ba shi ne asusu hawa-hawa ne. Nasa shi ne na ƙasa. A samansa akwai asusun dila, wanda ke ganin duk motocin da ya ɗaura wa tiraka a shafi guda. A saman dila akwai kamfanin da ke da sabar. Haka kuma tirakar na da lambar waya ɗaya da aka rajista a matsayin shugaba, wadda ita kaɗai take da ikon manyan umarni. Idan mai ɗaurawa ya sa tasa lambar lokacin gwaji bai cire ba, to shi ne mai motar a idon na'urar.

Galibin masu wannan sana'a mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, kuma riƙe asusun na taimaka musu wajen gyara idan abu ya lalace. Sai dai shago ba mutum ɗaya ba ne. Akwai yaran shago, akwai wanda aka sallama, akwai wayar da ta ɓata da asusu a buɗe.

Abin da ya faru a birnin Austin na jihar Texas a 2010 ya isa misali. Wani kamfanin sayar da motoci bashi yana ɗaura wa motocinsa na'urar da ke hana su tashi idan mai saye ya yi jinkirin biya. Sai aka wayi gari motoci sama da 100 sun ƙi tashi ko suna ta danna hon da kansu cikin dare. Bincike ya kai ga wani tsohon ma'aikacin kamfanin da aka sallama. An rufe asusunsa, amma ya shiga da na abokin aikinsa.

Abu uku ne mai mota ya kamata ya fita da su daga shago a hannunsa: lambar IMEI ta tirakar, wato lambobi 15 da ke bambanta ta da kowace na'ura; lambar layin da ke ciki da sanin sunan wanda aka yi wa rajistarsa; sai sabuwar lambar sirri da ya sa da kansa, bayan ya tabbatar lambar wayarsa ce shugaba.

Kashe inji daga nesa

Wannan shi ne abin da ya fi burge masu saye. Ana haɗa tirakar da wani ɗan makunni da ke kan wayar famfon mai ko ta wutar inji. Da an aika umarni, makunnin ya yanke, inji ya mutu.

Yana aiki, kuma duniya ta ga haka. A 2022 kafar CNN ta ruwaito cewa sojojin Rasha sun kwashe taraktoci da injinan girbi na John Deere na kimanin dala miliyan 5 daga birnin Melitopol na Yukren zuwa Chechniya, tafiyar sama da kilomita 1,100. Da suka isa, injinan suka ƙi tashi domin an kulle su daga nesa. Manoman Gagarawa da Sule Tankarkar da ke hayar tarakta su ma suna gab da wannan duniya: kamfanin Hello Tractor, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2014, ya gina kasuwancinsa ne kan na'urar da ke nuna wa mai tarakta inda take da yawan aikin da ta yi.

Amma makunnin bai san dalilin wanda ya taɓa shi ba. Tirela cike da shanu da injinta ya mutu tana cikin gudu ta zama haɗari ga kowa a hanya. Keke ɗauke da mara lafiya zuwa asibitin Gumel da aka kashe saboda balas ɗin kwana biyu bai shigo ba, wani abu ne daban da kama ɓarawo. Tirakoki masu inganci ba sa yanke mai sai gudu ya ragu sosai. Ba dukansu ke da wannan kariya ba, kuma mai saye ba ya ganewa da ido.

A manyan motocin zamani abin ya wuce makunni ɗaya. A watan Yulin 2015 masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun shiga kwamfutar wata Jeep Cherokee daga nesa ta hanyar na'urar rediyo da allonta, suka hana ta jan giya tana kan babbar hanya a St. Louis. Kamfanin Fiat Chrysler ya yi kiranyen motoci miliyan 1.4 don gyara. Tun daga nan dokoki suka fara bin sawu. A Tarayyar Turai, daga watan Yulin 2024, duk sabuwar mota sai ta cika ƙa'idar tsaron kwamfuta ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 155 kafin a sayar da ita. Tirakar da aka ɗaura a bakin titi ba ta ƙarƙashin wannan ƙa'ida.

Abin da dokar Najeriya ta ce

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC ƙarƙashin Dokta Vincent Olatunji. Kafin ita akwai ƙa'idar 2019 da hukumar NITDA ta fitar, hukumar da ɗan Haɗejia, Kashifu Inuwa Abdullahi, ya karɓi ragamarta a cikin shekarar.

Dokar ta ambaci bayanan wurin da mutum yake ƙarara a cikin bayanan da suka shafi mutum. Ta kuma raba mutane gida uku. Akwai mai bayanai, wato wanda labarin ya shafa. Akwai mai iko da bayanai, wanda ya yanke shawarar a tara su da dalilin tarawa. Akwai mai sarrafa bayanai, wanda ke yin aikin a madadin mai iko.

Idan aka ɗora wannan a kan Keken balas, sai wani abu ya fito da ba kowane mai Keke ya taɓa tunani ba. Keken nasa ne, amma tarihin zirga-zirgar na matuƙin ne, domin shi ne ke kai. Matuƙi shi ne mai bayanai, mai Keke ko kamfanin bashi shi ne mai iko, dila da kamfanin saba su ne masu sarrafawa. Doka ba ta hana mai dukiya bibiyar dukiyarsa ba. Yarjejeniya ko halastacciyar buƙata na iya zama hujja. Abin da take nema shi ne a sanar da matuƙi, a tara iya abin da ake buƙata, a yi amfani da shi don dalilin da aka faɗa kawai, kada kuma a riƙe shi fiye da lokacin da ya dace. Bibiyar inda Keke yake da rana abu ne mai sauƙin karewa. Sauraron hirar matuƙi da fasinjojinsa ta makirfo, ko yaɗa wa abokai gidan da yake tsayawa da dare, da wuya a samo musu hujja.

Mai bayanai na da haƙƙin ya nemi a nuna masa abin da aka tara a kansa, a gyara kuskure, a goge idan babu sauran dalilin riƙewa. Idan bayanai suka fita kuma akwai yiwuwar cutarwa, wajibi ne mai iko ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Tara ga manyan masu riƙe bayanai na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ga ƙanana kuwa naira miliyan 2 ko kashi 2. Hukumar ta nuna tana iya cizo: a watan Yulin 2025 ta ci kamfanin MultiChoice tarar sama da naira miliyan 766, kuma fitar da bayanan 'yan Najeriya waje ba bisa ƙa'ida ba na cikin dalilan da ta bayar.

Wannan batu na fitar da bayanai waje shi ne inda kasuwar tiraka ta fi rauni. Doka ta ce ba a kai bayanan mutum wata ƙasa sai akwai isasshiyar kariya a can ko wata hujja da ta amince da ita. Dilan da ke ɗaura tiraka a ƙaramin shago ba lallai ya san ƙasar da sabarsa take ba, balle ya sanar da mai saye. Sharuɗɗan da ke fitowa a manhaja kuma da Turanci suke, dogaye, mutum ya danna amincewa don ya wuce. Amincewar da doka ke nufi ita ce wadda mutum ya bayar da sani da son ransa. Ko danna maɓalli a kan rubutun da mutum ba ya iya karantawa ya cika wannan sharaɗi, tambaya ce da ta cancanci hukumar ta duba, musamman a yankin da ciniki da yarjejeniya duk da Hausa ake yin su.

Motar Kwatano ta zo da nata kunnen

Ba sai an ɗaura tiraka ba. Motocin da ake ƙerawa a 'yan shekarun nan da yawa na fitowa da layinsu a ciki, suna aika bayanai ga kamfanin da ya ƙera su. Manyan kamfanonin ma ba su tsira ba. A watan Mayun 2023 Toyota ta amsa cewa bayanan wurin motocin masu hulɗa da ita miliyan 2.15 a Japan sun kasance a buɗe kusan shekara goma saboda kuskuren saiti. A Disamban 2024 mujallar Der Spiegel ta Jamus ta bankaɗo cewa bayanan motocin lantarki kimanin 800,000 na rukunin Volkswagen sun zauna ba kariya. A Amurka kuma an gano General Motors na miƙa bayanan yadda mutane ke tuƙi ga dillalan bayanai da ke hulɗa da kamfanonin inshora, har hukumar kare masu saye ta FTC ta ɗauki mataki a kansa a Janairun 2025.

Irin waɗannan motoci ne ke isowa nan a matsayin na hannu. Allonsu kan zo da lambobin waya da adireshin tsohon mai su, kuma yana yiwuwa har yanzu motar na haɗe da manhajar da ke wayar wani a ƙetare. Haka nan duk wanda ya haɗa wayarsa da motar haya ko ta aro, ya bar mata jerin sunayen mutanensa sai an goge.

Shaidar da ke bin mota duk inda ta je ita ce VIN, lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17. Da ita kwastam ke ƙiyasta kuɗin fito tun 2022, da ita ake gano motar da aka sato daga waje. A watan Satumban 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka ce an sato daga ƙasar. Rundunar 'yan sandan Najeriya ma na da rumbun rajistar motoci na intanet, e-CMR, wanda aka shirya fara tilasta shi a ƙarshen Yulin 2024 kafin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dakatar da tilastawar bayan ƙorafe-ƙorafe.

Layin da aka manta da shi

Akwai wata hanya da tiraka ke mutuwa ba ɓarawo ba mai kutse. Layin da ke cikinta ba a kira da shi, ba a ganinsa, don haka ana mantawa da shi. Tun Disamban 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma hukumar sadarwa ta NCC ta sa 14 ga Satumban 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe. Layin tirakar da aka saya da sunan wani yaron shago, ko wanda ba a haɗa ba, yana iya kasancewa cikin waɗanda aka rufe, mai mota bai sani ba sai ranar da ya buɗe manhaja cikin tashin hankali ya tarar ɗigon ya daɗe bai motsa ba.

Layin da ya yi watanni ba a sa masa kuɗi ko amfani da shi ba shi ma kamfani na rufe shi, daga baya a sayar da lambar ga wani. Idan lambar shugaba ce ta faɗa haka, to saƙonnin gargaɗin motar, har da inda take, wayar baƙo za su riƙa shiga.

Sai ranar ciniki. Babura da Kekuna na sauya hannu a kasuwa kamar yadda dabbobi ke sauyawa, a biya, a ba da makulli da rasit, a yi musabaha. Ba kasafai batun tiraka ke shiga cinikin ba. Idan tsohon mai shi bai cire ta ba, bai kuma miƙa asusun ba, zai ci gaba da ganin inda sabon mai shi ke kwana, kuma makunnin da ke kan wayar mai yana nan yana jiran tes ɗinsa. Wanda ya sayi na hannu a Maigatari ko Gumel, kafin ya kai shi gida, zai iya biyawa wurin rewaya ya ɗaga kujera, a bi wayoyin da suka taso daga batir ɗaya bayan ɗaya.